“Jininsa bai karɓi allurar ba”: maganar da muke yi bayan an gama jana'iza

 Yau ba maganar farashin hatsi ko ta hanya na zo da ita ba. Maganar allura ce.

Akwai wata jimla da kowa cikinmu ya taɓa ji wajen zaman makoki: “Da ƙafafunsa ya tafi likita, allura guda aka yi masa, shi ke nan.” Sai a yi shiru, a ce Allah ya jiƙansa, a shafa fatiha. Bayan an watse ne fassara ke fitowa. Wani ya ce maganin ya lalace, wani ya ce malamin asibitin sabon hannu ne, ya soki jijiyar da ba ita ba. Tsofaffin mata su ce dama yana da iska, iska kuwa ba ta son ƙarfe. Mai sauƙin baki ya ce jininsa ne bai karɓa ba. A cikin duka waɗannan, na ƙarshen nan ne ya fi kusa da gaskiya a lokuta da dama, sai dai muna faɗar maganar kamar wani abu ne da ba a iya yi wa komai. Alhali abin yana da suna, yana da alamomi, kuma yana da magani mai arha wanda ke iya dawo da mutum cikin 'yan mintoci in an same shi a kusa.

Likitoci suna kiran abin anafilaksi. A takardun asibitinmu za ka ga an rubuta shi da Faransanci, shok anafilaktik. Jikin ɗan Adam yana da dakarun da ke tsare shi daga cuta. Wani lokaci dakarun nan sai su ɗauki wani magani mai amfani a matsayin abokin gaba. Karon farko da maganin ya shiga, sau da yawa ba abin da ke faruwa, jiki yana yin shiru ne yana rubuta sunansa. Karo na biyu ko na biyar ko na goma sai su taso gaba ɗaya, su zuba wasu sinadarai cikin jini a lokaci guda. Hanyoyin jini su buɗe, ruwa ya fice daga cikinsu, tansiyo ta faɗi ƙasa. Maƙogwaro ya kumbura, hanyoyin iska na huhu su matse. Shi ya sa maganar “ai an sha yi masa wannan allura ba abin da ya same shi” ba hujja ba ce. Wani lokaci ma waɗancan alluran na baya su ne suka shirya jikin.

Borin jini da muka sani, wanda fata ke yin rudu-rudu tana ƙaiƙayi, ɗan uwan wannan ne, ƙaramin ƙane. Bambancin shi ne anafilaksi ba ya tsayawa a fata, yana taɓa numfashi da jini, kuma yana da sauri. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2000 kan mutanen da abin ya kashe ya nuna cewa in magani ne aka yi wa mutum a asibiti, tsaka-tsakin lokacin da ke tsakanin allura da tsayawar zuciya ko numfashi minti 5 ne. In harbin zuma ko rina ne minti 15, in abinci ne minti 30. Ku riƙe wannan minti 5, don duk sauran maganata a kansa ta rataya.

Ni abin ya zo mini har gida a daminar bara waccan. Ƙanena, wanda ke bi mini, yana noman fari sai hauya ta sare shi a ƙafa, sara mai zurfi, ga ƙasa ga takin dabbobi. Muka ɗaure da ƙyalle muka kai shi wani gidan likita na yankinmu, ni da mahaifiyarmu. Majo ya wanke ciwon, ya ɗinke, ya tambaye shi ko ya taɓa yin rigakafin tetanos, wannan cutar da ke sandarar da jiki ta ɗaure haƙora. Bai da wata takarda. Sai aka yi masa allurar da ake kira SAT. Da aka gama, yaro ya miƙe zai koma gona, don ranar akwai gayya. Majo ya ce: “A'a, zauna nan bisa banci. Ba ka tahiya sai an yi rabin awa.” Ya zauna yana ƙunƙuni, yana cewa mutane na can suna jiran shi.

Ba a yi minti goma ba ya juyo ya ce mini: “Yaya, tahin hannuna na ƙaiƙayi, kuma kamar an shaƙe min wuya.” Muryarsa ta dishe kamar ta wanda ya kwana yana kiran sallah. Na dubi fuskarsa, leɓɓa sun kumbura, idanu sun yi ja sun cika. Yana jan numfashi ana jin ƙara kamar ta mai asma. Kafin in buɗe baki ya sulale daga kan bancin. Mahaifiyarmu ta ɗora hannu a kai: “Mi anka yi mishi? Ɗana lahiya lau ya taho!” Ta kama shi tana son tada shi zaune ta ba shi ruwa. Majo ya daka tsawa, ya ce a kwantar da shi rigingine a ɗaga ƙafafunsa sama. Ya fasa wata 'yar ƙaramar kwalba, ya zuƙa, ya soka masa a gefen cinya ta cikin wando, bai ko tsaya cire wandon ba. Ya duba agogo. Bayan minti biyar ya sake yi masa ta biyu, sannan ya sa masa ƙarin ruwa. A hankali ƙarar numfashin ta lafa, zufa ta karyo masa, ya buɗe ido yana rawar jiki yana tambayar abin da ya faru.

Bai bar mu mu tafi ba ranar. Ya ce abin yana iya dawowa bayan wasu awoyi ko da mutum ya ji ya warke sarai, don haka a nan muka kwana. Da dare ya zo ya zauna kusa da tsohuwa ya ce: “Inna, maganin nan ba lalatacce ba ne, na yi wa mutane da yawa shi. Daga jinin doki ake yin shi, jikin ɗanki ne bai so shi.” Ya ɗauki karnen asibitin, ya rubuta a bangon farko da jan biro, da manyan baƙaƙe, sunan allurar da ranar da abin da ya biyo baya. Ya ce wa ƙanena: “Wanga takarda ta fi katin ɗan ƙasa muhimmanci gare ka. Duk inda za a yi maka allura, nuna ta kafin ka miƙa hannu.”

Kafin mu koma gida labari ya riga mu. A majalisa an ce an yi masa allurar dabbobi bisa kuskure. Wata maƙwabciya ta zo da turaren iska. Ba wanda ya yi maganar rabin awar nan da aka tilasta masa zama, alhali da ya tashi, a kan hanyar gona abin zai same shi, tsakanin gero, ba kowa kusa.

Abin da ke cikin 'yar kwalbar nan sunansa adirenalin. Ba sabon magani ba ne, ba kuma mai tsada ba, yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dole a samu a ko'ina. Kwalba guda tana ɗauke da miligiram 1 cikin mililita 1. Babban mutum rabinta ake yi masa, a tsokar gefen cinya, yaro kuma gwargwadon nauyinsa. In ba a ga sauƙi ba a sake bayan minti 5. Aikinsa shi ne ya matse hanyoyin jinin da suka saki, ya buɗe hanyoyin iska, ya ƙarfafa zuciya. Na faɗi wannan ne don mu san abin da ido ya kamata ya gani, ba don wani ya je ya saya ya ajiye a shago yana soka wa mutane ba, don shi ma in aka tura shi cikin jijiya ba bisa ƙa'ida ba yana iya kisa.

A nan akwai wani abu da nake ganin ya kamata a faɗa ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Da yawa daga cikin masu yin allura, in mutum ya fara kumbura, hannunsu ya fi saurin zuwa ga dekizametazon ko idirokortizon ko maganin ƙaiƙayi. Waɗannan suna da nasu amfani, amma suna ɗaukar lokaci kafin su fara aiki, kuma ba sa buɗe maƙogwaron da ke rufewa. Wanda ya fara da su yana jiran sakamako, minti biyar ɗin nan ne yake kashewa. Haka kuma tada mutum tsaye ko zaunar da shi da ƙarfi a wannan hali haɗari ne, don jinin da ya rage bai isa ya koma zuciya ba. An samu waɗanda suka mutu daidai lokacin da aka miƙar da su. Mu kuwa al'adarmu in mutum ya faɗi, abu na farko a tallafe shi zaune, a yayyafa ruwa, a ɗura masa wani abu a baki. A bar shi kwance, ƙafafu sama. In numfashi ne ya fi damunsa a ɗan jingina shi, in mace ce mai ciki a kwantar da ita a gefen hagu.

Wani zai ce to a garzaya da shi babban asibiti mana. Daga Tabla zuwa Yamai ya fi kilomita 100. Ko gangarawa Balleyara ko haurawa Filinge, sai an nemi mota, sai an nemi kuɗin mai, ga halin tsaro da muka sani, ga dokar hana babura da aka sha kafawa a jihar Tillaberi tun daga 2020. Wannan cuta ba ta jiran anbilans. Inda aka yi allurar, nan ne maganin ya kamata ya kasance, a cikin ɗaki guda, ba a cikin kabad ɗin da mai makullinsa ya tafi kasuwar Lahadi ta Balleyara ba.

Bari in ɗan kauce, don labarin yadda aka gano abin yana ba ni mamaki. A 1901 wasu masana biyu 'yan Faransa, Charles Richet da Paul Portier, sun bi jirgin ruwan Yariman Monako zuwa wajen tsibiran Kap Ber, nan yammacin Afirka, suna binciken dafin wasu halittun teku. Da suka koma gida suka ci gaba da gwaji kan karnuka. Niyyarsu su ba kare dafi kaɗan don jikinsa ya saba, kamar yadda ake rigakafi. Sai aka samu akasi: karen da ya jure allurar farko, da aka sake yi masa 'yar kaɗan bayan wasu makonni, ya faɗi ya mutu cikin ƙasa da awa guda. A 1902 suka raɗa wa abin suna anafilaksi, wato kishiyar kariya. Richet ya samu kyautar Nobel a 1913 saboda wannan. Sama da shekara ɗari ke nan da sanin abin, mu har yanzu muna kai shi wajen iska.

Inda lamarin ya fi wuya shi ne ɗakin tiyata. Ƙanena ya iya cewa “tahin hannuna na ƙaiƙayi”. Wanda aka sa barci ba ya iya cewa komai. An rufe shi da zannuwa, ba a ganin fatarsa, kuma cikin 'yan mintoci an tura masa magunguna huɗu ko biyar: na barci, na kashe zafi, na sassauta tsoka don a iya saka bututun numfashi, da antibiyotik na hana ciwo ruɓewa. In ɗaya daga ciki ya tayar da bori, abin da likitan barci zai gani kawai shi ne tansiyo ta faɗi ko iska ta ƙi shiga huhu. A 2018 ƙungiyar likitocin barci ta Birtaniya ta fitar da sakamakon wani babban bincike da ta yi a asibitocin ƙasar na tsawon shekara guda. Sun tantance mutum 266 da anafilaksi mai tsanani ya kama lokacin aiki, 10 daga ciki suka rasu. Lissafinsu ya nuna abin na faruwa kusan sau 1 cikin kowane aiki 10,000. Cikin magungunan da aka gano su ne sanadi, kusan rabi antibiyotik ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na sassauta tsoka ne, sai kuma kulorekzidin, wani ruwan goge fata da kashe ƙwayoyin cuta wanda ba wanda ke ɗaukarsa a bakin komai. Safar hannu ta roba ma tana yi wa wasu, haka ruwan da ake turawa cikin jijiya kafin a shiga sikana.

Ku lura da lissafin ta fuska biyu. Ɗaya cikin dubu goma kaɗan ne ƙwarai, bai isa ya sa mace ta ƙi sezariyan ba alhali haihuwa ta tsaya, ko dattijo ya ci gaba da fama da ƙaba har ta murɗe. Kuma a cikin waɗanda abin ya kama, mafi yawa sun tashi, saboda an gane da wuri kuma adirenalin na kusa.

A Faransa kuwa, wadda magungunanta suka daɗe suna cika kantocinmu, an daɗe ana ganin magungunan sassauta tsoka su ne kan gaba. Abin da ya ɗaure wa likitoci kai shi ne wasu mutanen ba a taɓa yi musu tiyata ba, amma jikinsu ya riga ya san maganin. Bincike ya kai su ga wani sinadari mai suna folkodin da ke cikin wasu siro na tari, wanda wani ɓangarensa ya yi kama da na waɗancan magunguna. Mutum ya sha maganin tari da sanyin hunturu, bayan watanni a sa shi barci, jiki ya tayar. Norwe ta janye shi tun 2007. Faransa ta dakatar da shi a watan Satumba na 2022, hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar janye shi a Disamban wannan shekarar. Wanda ya san yadda tsofaffin kwalabe ke yawo a tiren 'yan talla da jakunkunan 'yan ci-rani zai gane dalilin da ya sa na kawo wannan. In za a yi maka aiki kuma ka sha siro na tari cikin shekarar, ɗauki kwalbar ko kwalinta ka tafi da shi.

Bara ƙanena ya je Yamai aikin ƙaba, na raka shi. Kwana biyu kafin aikin aka tura mu wajen likitar barci, wata mata mai natsuwa. Tambayarta ta uku ita ce: “Akwai maganin da ya taɓa ba ka matsala?” Ya ciro karnen nan mai jan biro. Ta karanta, ta kwafe a kan takardar aikin, ta zagaye. Ta yi masa wasu tambayoyi: yana da asma, ya taɓa kumbura bayan cin wani abu, safar roba ko balan-balan na sa masa ƙaiƙayi. Aka yi aiki lafiya. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne waɗanda muka yi layi tare. Ɗakin a buɗe yake, ana jin amsoshi. Wani dattijo ya ce: “An taɓa yi min wata allura na suma.” Wace iri? “Wata fara ce, cikin kwalba.” Wace shekara? “Shekarar da anka yi fari.” Wata matashiya kuwa mijinta ne ke amsa mata duka tambayoyin, “ba komai, ba komai”, ita tana duban ƙasa. Ko shi ya san abin da ya same ta tana 'yar shekara goma a gidan ubanta? Kunya abu ne mai kyau, amma a gaban likitan barci a bar mace ta yi magana da bakinta, in ya kama ma a kira uwarta a waya a tambaye ta.

Rabin magungunan asibiti farare ne, kuma duka cikin kwalba suke. Likita ba zai iya kauce wa “wata fara” ba. Suna yake bukata. Mu kuwa odonans da karne su ne abin da muka fi wulaƙantawa: a ƙunshe goro ko tsire da su, yara su yi wasa da su, gara ta cinye saura. Yanzu kusan kowane gida akwai waya mai ɗaukar hoto. Hoton kwalbar da na takardar bai cin ko dala, kuma ana iya tura shi ta WhatsApp ga ɗan uwa na Yamai ya ajiye.

Sai dai akwai ɗaya gefen, kuma shi ma yana cutarwa. Ba duk abin da ya samu mutum bayan magani ne anafilaksi ba. Manya cikinmu sun tuna ƙaiƙayin nibakin, wato kulorokin, wanda ke hana barci kwana biyu. Wannan ba borin dakarun jiki ba ne irin wanda nake magana, halin maganin ne a jikin baƙar fata da yawa. Kinin na toshe kunne, wasu antibiyotik na sa zawo ko tashin zuciya. Akwai kuma ƙato mai gemu da ke suma da ganin tsinin allura, a kwantar da shi minti biyu ya tashi, ba kumburi ba ƙarar numfashi. In duk waɗannan muka ce “jinina bai karɓa”, sai mu rufe wa kanmu ƙofar magunguna masu kyau. A Amurka kusan mutum 1 cikin 10 na cewa penisilin ba ya karɓarsa, amma in aka gwada su, mafi yawansu ƙwarai ba su da komai. Sakamakon shi ne ana ba su wasu magunguna masu tsada da ba su kai shi aiki ba. Don haka kada ka yanke wa kanka hukunci. Ka faɗa wa likita abin da ya faru filla-filla: minti nawa bayan maganin, me ya kumbura, numfashi ya canza, me aka yi maka. Shi zai auna.

Akwai kuma wani nau'i mai jinkiri da bai kamata a haɗa da wannan ba. Shi ba ya zuwa cikin mintoci, sai bayan kwanaki ko makonni da fara shan wasu ƙwayoyi irin su kotirimokzazol ko Fansidar ko wasu magungunan farfaɗiya: zazzaɓi, baki da idanu su yi gyambo, fata ta fara saɓulewa kamar ƙuna. Ba kasafai yake faruwa ba, amma wanda ya ga haka ya tsayar da maganin ya nufi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa man shanu.

Rigakafin yara fa? Na san wasu za su karanta wannan su ce ka gani, dama mun faɗa. A'a. Anafilaksi bayan rigakafi kusan sau 1 ne cikin allura miliyan guda. Ƙyanda da sanƙarau kuwa mun san yawan kaburburan da suka cika a ƙasar nan. Ƙanena ma da ya kammala rigakafin tetanos ɗinsa tun farko, da wataƙila bai bukaci ruwan dokin nan ba. Majo ya sa shi ya fara jerin alluran rigakafin daga baya, kuma ba abin da ya same shi, don ita wannan ba daga doki take ba.

Maganin dafin maciji shi ma yawanci daga jinin doki ake haɗa shi, kuma yana cikin waɗanda suka fi tayar da wannan bori. Mu da ke noma cikin Dallol mun san kububuwa. Likitar Yamai ta ja hankalin ƙanena a kan haka: in Allah ya ƙaddara maciji ya sare shi, kada ya ƙi maganin, don dafin ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Ya faɗa musu tarihinsa tun a bakin ƙofa, su zuƙi adirenalin su ajiye kusa, su tsaya a kansa yayin da ruwan ke shiga.

Wanda ba ni da wani sassauci a kansa shi ne mai allurar kasuwa da mai bin gida-gida da jaka. Mun san su, wasunsu 'yan uwanmu ne, kuma mun san dalilin da ya sa ake zuwa wajensu: suna kusa, suna ba da bashi, ba layi. Mun kuma ɗauka allura ta fi ƙwaya ƙarfi, har mutum na jin an raina shi in aka ba shi ƙwayoyi kawai. Amma seftiriyakzon da penisilin da diklofenak da suke soka wa mutane a bayan rumfa suna cikin magungunan da aka san suna jawo anafilaksi, kuma abin da aka tura ta allura ya fi wanda aka haɗiya saurin tayarwa. Tambaya guda za ka yi masa kafin ka kwance wando: in na faɗi yanzu, me za ka yi mini? In babu adirenalin cikin jakar, ko bai san inda ake soka shi ba, to amsar ita ce zai tattara kayansa ya bar garin.

A gidajen likita na gwamnati ma akwai abin dubawa, kuma wannan aikinmu ne mu mutanen gari, don kowane CSI yana da kwamitin kula da shi wanda 'yan gari ke ciki. Adirenalin magani ne da ake iya shekara ba a taɓa shi ba, shi ya sa ake mantawa da shi. Zafi da haske suna lalata shi, zafinmu na watan Afrilu kuwa ba sai an faɗa ba. In ruwan ya sauya launi ya koma ja-ja ko ruwan ƙasa, ya tashi aiki. A taron kwamiti muna shafe awa biyu kan kuɗin mai gadi da gyaran katanga. A zama mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan nemi majo ya fito da akwatin gaggawa gaban kowa mu ƙirga kwalabe nawa ke ciki, mu karanta ranar lalacewarsu, mu kuma ji wa ke riƙe da makullin da dare da ranar Lahadi.